Kajiji da Danginsa a Lungun Gida

 

'Ya'yana, na lura sha'awar shuke-shuke ta shiga zukatanku a 'yan shekarun nan, abin kuwa yana yi mini daɗi. Yaro ya gina ɗan gidansa ko ya kama haya, sai ka ga ya tsaya wurin masu sayar da furanni a bakin titi ya ɗauko tukwane biyu ko uku. Amma akwai wani wuri a cikin gida da kusan dukanku kuke ɗauka a matsayin matsala: lungun nan da danshi ba ya barinsa, inuwa kuma ta rufe shi. Wani gidan bayan wurin wanka ne, wani inda ake alwala, wani gindin randa, wani kuma inda ruwan indararo ke sauka a ƙarƙashin mangwaro. A dasa fure ya ruɓe, a shuka tumatir ya yi ta tsawo ba 'ya'ya, daga ƙarshe a kira birkila ya malala siminti. Siminti kuwa ba ya shan ruwa, tura shi yake yi ta rariya zuwa ƙofar maƙwabci. A wayi gari kwata ta cika, ana cacar baki tsakanin mutanen da a da suke ba juna wuta da gishiri.

Shawarata ita ce ku ba wannan lungu tsiron da dama can a irin wurin yake rayuwa. Muna da su birjik a fadamunmu da bakin tafkunanmu, ba sai an kawo daga wata ƙasa ba, ba kuma sai kun kashe kuɗi ba. Ina nufin dangin aya: kajiji, gwaigwaya, da ƙananan nan da ake cewa gemun kwaɗo, da wasunsu da yawa da sunayensu ke bambanta daga gari zuwa gari.

Sai dai kafin a shuka abu sai an san shi. A wurin yawancinku duk abin da ya fito kore mai siririn ganye sunansa ciyawa, shi ke nan. To, wannan dangi daban yake da dangin gamba da harkiya da gero. Ku tsinko kara ɗaya ku murza shi tsakanin babban yatsa da manuniya. In na dangin gero ne za ku ji shi a mulmule, yana da gaɓoɓi. In na dangin aya ne sai ku ji kusurwa uku suna taɓa yatsa, ba gaɓa ko ɗaya, cikinsa kuma a cike yake. Ganyensa ma ta fuska uku yake fita. Masana tsirrai sun ƙidaya fiye da iri 5,000 na wannan dangi a duniya, mafi yawansu kuwa masu son ƙasa mai laima ne. Kajiji ne ya fita daban a cikin waɗanda za ku riƙa haɗuwa da su. Shi karansa a mulmule yake, dogo, kusan ba ganye, a ciki kuma an rarraba shi ɗaki-ɗaki, har in ya bushe kuka shafa za ku ji alamar rabe-raben. In ganewa ta gagara, ku tono saiwar ku shinshina. Ƙamshin kajiji ba ya ɓuya.

Bari in fara da aya, tunda ita kowa ya sani, don in cire muku ita daga lissafi. Kun sha kunun aya, kun ci dakuwa, wasunku ma sun san a jihar Maraɗi ta Nijar, wajejen Agie da Cadawa da Gazawa, noman aya babbar sana'a ce da ake fitar da amfaninta har ƙasashen waje. A yankin Balansiya na ƙasar Sifen suna noma ta, suna yin wani farin abin sha da ita wanda bai da nisa da kununmu, kuma an samu aya a kaburburan Misirawan dauri. Duk da wannan daraja, aya ba ta wannan lungu ba ce. Ita ƙasa mai yashi take so da rana tun daga hantsi har la'asar, ta yi wata uku zuwa huɗu a haƙe ta. In kuka sa ta a inuwar mangwaro, ganye za ta yi muku, 'ya'yan ba za su taka kara su karya ba. Mai son aya ya nemi fili a sarari.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi muhimmanci, wato inuwa. Wasunku suna karanta shawarwarin masu lambu na Ingila da Amurka a waya, inda ake cewa dangin nan masu son inuwa ne, a dasa su a ƙarƙashin itatuwa. Ba ƙarya suka yi ba, amma nasu suke magana a kai, wani reshe na dangin da ake kira Carex, mai kusan iri 2,000, wanda ya saba da dazuzzukan ƙasashe masu sanyi. A wannan sashe namu na Afirka sai a kan tsaunuka masu sanyi irin na Kamaru ake ganin 'yan kaɗan daga cikinsu. Namu na fadama a sarari suka tashi, rana na dukansu, ƙafarsu na cikin laka. Saboda haka kada ku ɗauki shawarar wata ƙasa ku ɗora wa kajiji, sannan in ya ƙi ku ce tsiron gida ba ya jin magana.

Abin da za ku yi shi ne ku ba lungun kwana ɗaya na lura. Ku leƙa shi da hantsi, ku leƙa da azahar, ku sake leƙawa da la'asar, ku ga inda rana ke sauka da tsawon lokacin da take ɗauka. Gefen da ke samun rana rabin yini, ko da ta safe ce kawai, nan ne wurin kajiji da gwaigwaya. Gefen da rana ke ratsowa ta tsakanin ganye, tana zuwa tana ɓacewa, nan ƙananan irin gemun kwaɗo za su zauna lafiya. Za ku gan su gajeru, da ɗan dunƙulen kai fari ko kore a saman kara, kuma da ma sukan fito da kansu a gindin randa da gefen rijiya, ku ne kuke cire su. Akwai kuma wata doguwa mai laima, wadda ganyenta ke bajewa a saman kara, masu furanni a Kaduna da Abuja da Kano suna sayar da ita a tukunya. Kada ku ɗauka baƙuwa ce daga Turai, asalinta 'yar Afirka ce, kuma a cikin dogayen ita ta fi haƙuri da inuwa. Amma inuwar da ko tsakar rana duhu take, irin ta tsohon mangwaro da ba a taɓa sassabe shi ba, wannan kam babu ɗayansu da zai ji daɗinta. Sai ku rage rassa biyu ko uku ta gabas, hasken safiya ya samu hanya. Darbejiya kuma, ban da inuwa, saiwarta tana da kwaɗayin ruwa, don haka ku ɗan matsa daga gindinta.

A kowane dangi akwai wanda ba a so a ba shi masauki. A nan ita ce aya-aya, wadda wasu ke kira jiji. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a lambu ya san ta. Ka nome ta yau, jibi ta leƙo, domin a ƙarƙashin ƙasa tana da 'yan ƙwayoyi baƙaƙe da ke sarƙe da juna, kowace ƙwaya kuma tsiro ce mai zaman kanta. Masana aikin gona sun daɗe da sa ta a sahun farko na ciyayi mafi cutar da amfanin gona a duniya, tana addabar manoma a ƙasashe fiye da 90. Sauƙin da Allah ya kawo shi ne ba ta jure inuwa, saboda haka a lungunku ƙarfinta kaɗan ne. To amma daga lungun take samun hanyar shiga kwamin albasa da alayyafo da ke rana. Duk lakar da za ku ɗebo daga fadama ku bincike ta da hannu, in kun ga baƙar ƙwaya mai tauri mai ɗan ƙamshi, ku tsince ta ku shanya a rana ta bushe ƙayau kafin ku zubar.

Na biyu da zan gargaɗe ku a kansa ba ma ɗan dangin ba ne, maƙwabtaka ce kawai ta haɗa su a bakin ruwa. Kacalla ke nan, doguwar nan mai faffaɗan ganye da kai mai kama da zangarniyar gero. Tana da kyan gani, na san wani zai yi sha'awar ta a gida. Ya tambayi mutanen Hadeja da Nguru tukuna. Bayan an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, yanayin ruwan kogin Hadeja ya canza. Hanyoyin ruwan da a da suke cika da damina su bushe da rani suka koma riƙe ruwa shekara duka, laka ta taru, kacalla ta samu abin da take so. Ta toshe magudanai, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi, ta kuma zama maɓoyar jan-baki da ke sauka a kan hatsi. Ta gasa wa manoma da masunta aya a hannu, har yau ana fama. Wannan kuwa a dausayin da duniya ta san darajarsa ne, domin tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000. Kan kacalla ɗaya yana ɗauke da dubban iri da iska ke kwasa. Kada ku kai ta gida, kada ku kai ta kududdufin unguwa.

To, yanzu ɗebo iri. Ba a buƙatar ƙwayar iri, tushe ake rabawa. Lokacin da ya fi sauƙi shi ne bayan kaka, sa'ad da ruwan tafki ya fara ja da baya, bakin ya bayyana, ƙasa kuma da sauran taushi. Wanda lungunsa ruwan sama kaɗai yake samu, shi ya jira farkon damina. Fadama tana da mai ita, ko da ba ku ga shinge ba, don haka ku yi sallama ku nemi izini, in tafkin gari ne a sanar da mai unguwa ko sarkin ruwa. Wuraren da hukuma ta keɓe irin Baturiya da Dagona ba a tona a cikinsu. Ku ɗebi kaɗan, dunƙule kamar cikin hannu biyu daga gefen tushe mai yawa, ku mai da ƙasa ku rufe ramin. Dunƙule uku ko huɗu sun ishi lungun gida, domin da kansu za su yaɗu. A yanke ganyen ya rage kamar taƙi ɗaya, a naɗe saiwar da jiƙaƙƙen buhu, a dasa a ranar, da yamma in rana ta yi sanyi.

Ina roƙonku, kada ku shiga ruwan tafki ƙafa ba takalmi don wannan aiki. Tsargiya daga irin ruwan nan ake ɗaukar ta, ƙananan dodon koɗi ne ke riƙe ƙwayar cutar, ita kuma ta huda fata ta shiga. Ku sa takalmin roba mai tsawo, ku tsaya a gefen da ruwa ya janye. In kun dawo gida ku ɗauraye saiwar a bokiti, ku duba ko dodon koɗi ya maƙale, ruwan ɗaurayar kuma a zubar da shi a busasshiyar ƙasa a rana. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan ya yi hulɗa da ruwan tafki ya tafi asibiti, akwai magani, kuma ba abin kunya ba ne.

Ita mai laima ma ba sai kun je daji ba. In maƙwabci yana da ita, ku roƙi kai ɗaya da ɗan guntun kara, ku rage tsawon ganyen da almakashi, ku kifa kan a cikin kofin ruwa. Bayan 'yan makonni saiwa da sabon tsiro za su fito daga tsakiyar ganyen, sai ku dasa. Ku riƙa canza ruwan kofin duk bayan kwana biyu. Wannan aiki ne da ya dace a ba ƙananan yara, suna jin daɗin ganinsa ƙwarai.

Gyaran wurin shi ne inda za ku ɗan yi gumi, kuma a nan ne ake gane wanda ya yi lambu da wanda ya yi wa sauro gida. Na san tun ɗazu wata uwa tana cewa a ranta, wannan tsoho yana so ya tara mana ruwa a gida ga zazzaɓin cizon sauro. Tana da gaskiya ta yi tsoro. Sauro a kwantaccen ruwa yake ƙwai, kuma a lokacin zafi mako ɗaya zuwa kwana goma sun ishe shi ya tashi daga ƙwai ya zama mai cizo. Abin da muke nema ƙasa mai laima ce wadda ba a ganin ruwa a samanta. Ku haƙa rami mai zurfin gwiwa, faɗinsa gwargwadon ruwan da gidan ke zubarwa. Ku zuba tsakuwa ko fasassun bulo a ƙasa kamar taƙi ɗaya, ku bi da yashi, sannan ƙasar sama da aka gauraya da ruɓaɓɓen taki da 'yar lakar da kuka zo da ita. Inda ruwan ke faɗowa ku jera duwatsu don kada ya tone ƙasa. Sannan ku gwada: ku juye bokiti biyu da safe. In da la'asar ba ku ga ruwa a sama ba, wurin ya yi. In har washegari yana nan kwance, ku ƙara faɗin ramin ko ku ƙara yashi, kada ku dasa komai sai kun gyara. Da zarar tsiron ya kama, shi ma zai taya ku, domin yana zuƙar ruwa sosai, saiwarsa kuma tana buɗe ƙasa. A ƙasashe da dama da gangan ake dasa mai laima da 'yan uwanta a kwamin tsakuwa don tace ruwan wanka da na wanki kafin ya koma ƙasa.

Ku bar aƙalla taku biyu tsakanin ramin da bango, musamman in ginin ƙasa ne, in ba haka ba danshi zai ci gindin katanga. Ku nesanta shi da rijiya kamar yadda kuke nesanta masai. Ruwan alwala da na wanka da na indararo su ne abincinsa. Ruwan masai ba ya shiga nan ko kaɗan. Ruwan wanke-wanke mai maiƙo yana toshe yashi, sai an tace shi, ruwan wanki mai bilic kuma yana ƙona saiwa. Abin da aka shayar da ruwan sabulu kuma na kallo ne da gyaran wuri, kada a ci, kada a jiƙa a sha.

Wajen dasawa, ku binne tushen daidai zurfin da kuka same shi a fadama, ku bar kamu ɗaya tsakanin wannan da wancan. Dogaye a baya ta wajen haske, gajeru a gaba. Makon farko zai yi kamar ya mutu, ganyen ya yi ja ya kwanta. Ku ƙyale shi, ku dai tabbata ƙasar ba ta bushe ba. Sabon tsiro daga ƙasa yake fitowa.

Ga 'yan haya da waɗanda tsakar gidansu an riga an shafe ta da siminti, ba a bar ku a baya ba. Tsohon baho, rabin duro, ko randar da bakinta ya fashe duk sun isa. Kajiji ma ya fi son haka, tunda shi yana son saiwarsa ta zauna cikin ruwa. Dabarar ita ce ku cika mazubin da ƙasa, ku rufe samansa da tsakuwa, ku huda gefe kamar yatsa biyu ƙasa da saman tsakuwar. Ruwa zai tsaya a ƙasa inda saiwa take, sauro kuma ba zai samu inda zai sauka ba. Mazubi yana da wani amfanin: dangin nan masu yawo ne a ƙarƙashin ƙasa, in ba a yi musu iyaka ba za su wuce inda aka ajiye su. Ko a ƙasa kuka dasa, yana da kyau ku kafa bulo ko tsohon kwano a tsaye a kewaye, sau ɗaya a shekara kuma ku bi gefen da shebur ku datse abin da ya tsallaka.

Kulawarsa ba ta da yawa. Da hunturu saman zai bushe, sai ku yanke busasshen ku shimfiɗa shi a gindin don ya riƙe laima. Da bazara, in gidan ya rage zubar da ruwa, ku taimaka masa da bokiti ɗaya da yamma. Taki kaɗan ya isa, na kanti ma ba a buƙata. Awaki za su yi masa ɓarna in sun samu hanya, musamman da rani da kore ya yi wuya, don haka a kewaye da guntun zana ko waya. Maganar maciji kuma, duk wuri mai sanyi da duhu yana iya jawo shi, saboda kwaɗi na taruwa. Kada ku bari ya cunkushe, ku riƙa rage shi har kuna iya ganin ƙasa ta tsakanin tushe, ku share kewayensa, kada ku dasa a bakin ƙofar ɗakin kwana, mai fita alwalar asuba kuma ya riƙe tocila. Kwaɗin da mazarin da za ku riƙa gani ba abokan gaba ba ne, ƙwari suke ci.

Yanzu ku 'yan matana, ga naku. Kun san kajiji a kasko, wataƙila ba ku taɓa ganin sa a tsaye ba. Baƙin abin nan da ake haɗawa da hawi da farce da sandal a turaren wuta, wanda matan Barno suka yi suna wajen sarrafa shi, saiwar wannan tsiro ce. Kuna saye da tsada a kasuwa, wani lokaci ma a haɗa muku da wanda ya daɗe ƙamshinsa ya tafi. In kun dasa shi a baho kuna ba shi ruwa mai tsabta, na alwala ko na sama, ku bar shi ya shekara ya yi ƙarfi. Da rani sai ku juye bahon, ku ɗebi kashi biyu cikin uku na saiwar, ku mai da sauran. A wanke, a cire ƙananan jijiyoyin, a shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, domin rana mai zafi tana rage ƙamshi. Ba zan ce muku baho ɗaya zai sa ku yi arziki ba, na amfanin ɗaki zai ba ku da ɗan na kyauta. Amma mai fili a fadama ya yi tunani. A jihar Para ta ƙasar Birazil wannan tsiron dai, da suke kira piripiriyoka, noma shi ake yi a gona, kamfanonin turare suna saye suna tatsar mansa. Mu nan har yanzu yawanci a daji ake tono shi, mai tono kuma ba ya mayarwa. Karan ma ba a yar da shi, ana saƙa tabarma da shi.

Kada ku raina abin da wannan dangi ya yi wa mutane. Babban yayansu, papirus, wanda kan kai tsawon mita huɗu ko fiye, shi Misirawa suka mayar abin rubutu shekaru dubbai da suka wuce, kuma da shi Buduma na tafkin Chadi suke ɗaure kwalekwalensu. A 1969, da wani Bature ɗan ƙasar Norwe, Thor Heyerdahl, ya so ya gwada ƙetare tekun Atlantika a jirgin papirus, daga tafkin Chadi ya ɗauko maginan jirginsa na farko. Shi papirus ya fi ƙarfin lungun gida, na kawo shi ne don ku san dangin da kuke hulɗa da shi.

Abin da ya sa na damu da wannan magana har na tsawaita shi ne wuraren da waɗannan tsirrai ke zaune suna ƙarewa a kan idonmu. Kududdufan birnin Kano da a da suke karɓar ruwan sama an cike da yawansu an yi gini, shi ya sa ruwan awa biyu ke shiga ɗakuna. Fadamun bayan gari an yanka su fuloti. Inda aka bari don noman rani kuma ana nome har bakin ruwa, ba a bar ko taku ɗaya na ciyawar da ke riƙe gaɓa ba, sai damina ta zo ta zaftare gonar, mai ita ya yi ta salati. Ku da kuke noman rani, ku bar wa bakin rafi ɗamararsa ta gwaigwaya da kajiji, faɗin taku uku ko huɗu. Saiwarsu ce ke ɗaure ƙasar, su ne kuma ke tare laka da takin da ruwa zai kwashe muku. Ba na cewa lungun bayan ɗaki zai maye gurbin fadama, ba zai iya ba. Amma yaron da ya tashi yana ganin kajiji a gidansu, ya san sunansa da ƙamshinsa, in ya girma aka ba shi aikin raba filaye ko gina hanya, zai san abin da ke cikin fadama kafin ya sa hannu a cike ta.

Sunayen ma suna tafiya tare da masu su. Abin da Basakkwace ke kira da wani suna, Bahadeje ko Badamagare yana da nasa, kuma mafi yawan wannan ilmi yana bakin tsofaffin masunta da makiyaya da mata masu haɗa turare, ba a rubuta shi ba. Don haka in za ku je ɗebo iri bana, kada ku tafi ku kaɗai. Ku nemi wani dattijo ko wata gwaggo da ta san bakin ruwan, ku ɗauke ta a mashin ko a mota, ku bar ta ta nuna muku wanne ne wanne da abin da ake yi da shi. Ku ɗauki hoton kowane tsiro da wayar nan da ba ta barin hannunku, ku rubuta sunan da ta faɗa da sunan garin. In kun dawo kuma ku saya mata goro.